Malamin Gona da Ƙungiyar Manoma: Sauƙin Aiki ko Ƙarin Kaya?

Da wuya a yau wani shirin bunƙasa noma ya shigo Arewacin Najeriya ko kudancin Nijar bai fara da sharaɗin cewa manoma su haɗu cikin ƙungiya ba. Mai son ingantaccen iri, ko takin zamani, ko rance, ko injin ban-ruwa, sai an ga sunansa a rajistar wata ƙungiya. Wanda ake ɗora wa nauyin haɗa ƙungiyar, ya kira taronta, ya sasanta rigimarta, ya rubuta rahotonta, shi ne malamin gona. Ana jin ta bakin manoma, ana jin ta bakin masu ba da kuɗi, amma ba a cika neman ra'ayin wannan ma'aikaci ba, alhali a hannunsa tsarin ke rayuwa ko ya mutu. Su kansu malaman gonar kansu a rabe yake. Wasu na ganin ƙungiya ta sauƙaƙa musu aiki, ta kuma ƙara musu ƙima a idon jama'a. Wasu kuwa na ganin an raba su da sana'ar da suka koya, an mayar da su magatakardan taro da masu bin bashi. Kowane ɓangare yana da hujja mai nauyi. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, aiki ta hanyar ƙungiya ya zama dole, kuma ƙorafin malaman gona gaskiya ne, sai dai tushen ƙorafin shi ne irin ƙungiyar da ake sa su kafawa da irin kayan da ake ɗora musu a kanta.

Kafin a auna hujjojin, ya kamata a tuna yadda aikin yake a da. A tsakiyar shekarun 1970 aka buɗe shirye-shiryen raya aikin gona na farko a Funtuwa da Gusau da Gombe da rancen Bankin Duniya, daga baya kowace jiha ta samu nata, irin su KNARDA a Kano da KTARDA a Katsina da JARDA a Jigawa. Tsarin da suka ginu a kai shi ne na horo da ziyara, wanda Daniel Benor ya tsara, Bankin Duniya kuma ya yaɗa shi a ƙasashe sama da 50. A ƙarƙashinsa, duk mako biyu malamin gona zai halarci horo a wurin ƙwararru, ya ɗauko saƙon lokacin, misali tazarar shuka ko lokacin zuba taki, sannan ya bi jadawalin ziyara ya kai wa wasu zaɓaɓɓun manoma, da fatan su kuma za su isar wa maƙwabtansu. Ilimi yana gangarowa ne daga cibiyoyin bincike irin na Samaru zuwa ga malami, daga malami zuwa ga manomi. Matsayin kowa a bayyane yake. Malamin gona yana da babur, yana da alawus ɗin mai, yana da ranar da aka san zai zo, kuma abin da ya faɗa shi ne magana. Yawancin waɗanda suka horar da malaman gonar yau a cikin wannan tsari suka tashi, shi ya sa har yanzu shi ne ma'aunin da ake gwada komai da shi.

Tsarin bai ɗore ba saboda tsadarsa. Da kuɗin Bankin Duniya suka janye a shekarun 1990, jihohi suka kasa ɗaukar nauyin horo da mai da gyaran babura. Tsofaffin ma'aikata suka riƙa ritaya ba a maye gurbinsu, har aka kai ga ƙiyasin da jami'ai da masana suka sha ambatawa, cewa malami ɗaya yana fuskantar gidajen manoma dubbai, a wasu wuraren har kusan 10,000. A daidai wannan lokaci tunanin masana ya sauya. A 1989 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fara makarantar manoma a gona a Indonesiya, inda manoman shinkafa kimanin 25 ke haɗuwa kowane mako tsawon damina, suna duba gonarsu da idonsu, suna tantance ƙwaro mai ɓarna da ƙwaro mai amfani, suna yanke shawara da kansu. A Najeriya kuma, shirin Fadama na biyu da ya fara a 2004 ya ɗora komai a kan ƙungiyoyin masu amfani da fadama, waɗanda su ke tsara abin da suke buƙata, ma'aikaci yana taimaka musu. Da haka aikin malamin gona ya tashi daga kai saƙo ya koma jan ragamar tattaunawa. Wannan sauyi babba ne, kuma an yi shi ba tare da an tsaya an tambayi masu aikin ko sun shirya masa ba.

Hujja ta farko ta malaman da suka rungumi ƙungiya ita ce ta lissafi, kuma ba ta da amsa. Mutumin da aka ba ƙauyuka goma sha ba zai iya bin gona-gona ba ko da yana da mai cike da tanki. Damina gajera ce, kurakuran da ke cinye amfanin gona kuma a cikin 'yan makonni ake yin su: a shuka da wuri ko a makara, a watsa taki a sama rana ta cinye shi maimakon a binne, a yi feshi bayan tsutsa ta riga ta shige cikin zuciyar masara. Idan malami ya tara mutum 25 a gona ɗaya da safe, abin da zai ɗauke shi wata guda yana yawo ya gama shi kafin azahar. Bayan haka, tambayar da mutum ɗaya ya yi tana amfanar sauran, kuma wanda kunya ta hana shi tambaya yana samun amsa ta bakin wani. Lokacin da tsutsar masara ta ɓulla a Najeriya a 2016, a shekarar da ƙwaron tumatir da manoma ke kira sharon ya lalata gonaki a Kano da Kaduna, an ga muhimmancin samun hanyar da labari zai ratsa ƙauye cikin kwana ɗaya ko biyu. Malamin da ke da ƙungiyoyi masu rai yana kiran shugabanninsu a waya, magana ta isa. Wanda ba shi da su sai ya bi kasuwa da masallaci yana cigiya.

Hujja ta biyu ta fi ta farko zurfi, domin ta shafi yadda manomi ke yarda da sabon abu. Manomi ba ya caca da abincin iyalinsa saboda maganar mai albashi. Yana canza hanya ne idan ya ga wanda ƙasarsu ɗaya, ruwansu ɗaya, ƙarfinsu ɗaya ya gwada ya ci riba. Wannan ne sirrin gonakin gwaji da shirin Sasakawa ya yaɗa tun shigowarsa Najeriya a 1992, inda manomi ke noma fili da hannunsa bisa shawarar malami, maƙwabta suna kallo daga shuka har girbi. Haka aka yi da buhun PICS na ajiyar wake, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ɓullo da shi tare da masu bincike na Afirka, aka fara yaɗa shi daga 2007. Buhu ne mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, idan aka ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin da ke huda wake su mutu ba tare da an zuba magani ba. A ƙauyukan Nijar da Najeriya an riƙa tara jama'a a ɗaure buhunan a gabansu, bayan watanni a sake tara su a kwance. Gani ya kori ji. Malaman da suka yi irin wannan aiki suna da dalilin son taro, domin shaidar jama'a ta ɗauke musu wahalar rarrashi.

Hujja ta uku ita ce, matsalolin da suka fi damun ƙaramin manomi da yawansu ba na mutum ɗaya ba ne. Wanda ya tuge wuta-wuta a gonarsa, maƙwabcinsa ya bar tasa ta yi fure ta zubar da iri, bai rabu da ita ba. A filayen ban-ruwa na Kadawa da Kura, ruwa ba ya isa ga na ƙarshen magudana sai na farko sun yarda da rabon lokaci kuma an haɗu an yashe hanyar ruwan. Farashi ma haka yake. Mai buhu uku da ke neman kuɗin biyan bashi da kaka, abin da ɗan kasuwa ya taya shi zai karɓa. A Nijar, tsarin warantaji da wani shirin FAO ya yaɗa daga ƙarshen shekarun 1990 ya nuna abin da haɗuwa ke iya yi: ƙungiya ta tara hatsinta a rumbu guda da kaka, a kulle da kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya ɗaya a hannun mai ba da rance, manoma su karɓi kuɗi su yi sana'ar rani, idan farashi ya tashi a buɗe a sayar a biya. Ga kuma batun mata. A gidajen da ake kulle, malamin gona namiji ba shi da hanyar isa ga matan da ke kiwon awaki da kaji, suke sarrafa gyaɗa da shinkafa. Sashen mata a harkar noma da aka kafa a hukumomin raya aikin gona a ƙarshen shekarun 1980 ta hanyar ƙungiyoyi ya yi aikinsa, domin malama ɗaya ba za ta iya shiga kowane gida ba.

To, idan amfanin ya kai haka, me ya sa malamai da yawa ke jan ƙafa? Dalili na farko shi ne ba a koya musu aikin ba. Wanda ya fito daga kwalejin aikin gona ya san nau'in ƙasa, ya san adadin takin da hekta ke buƙata, ya san cututtukan tsiro. Abin da ke jiransa a ƙungiya daban ne. Zai tarar da dattijon da in ya yi magana ba mai ƙarawa, da matasan da ke zaune a baya ba sa cewa uffan, da ma'ajin da ake zargi da taɓa kuɗin asusu, da gidaje biyu da ke da tsohuwar gaba kan iyakar gona. Sanin yadda za a sa mai shiru ya yi magana ba tare da an ci fuskar babba ba, da yadda za a rubuta dokokin ƙungiya, da yadda za a duba littafin kuɗi, ilimi ne mai zaman kansa. Horon kwana uku a ɗakin taron otal ba ya samar da shi. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a fili ba. Mutumin da aka saba kira malam, aka saba ya faɗa a saurara, yanzu ana ce masa ya yi tambaya ya jira manoma su gano amsa. Wasu na jin wannan rage daraja ne. Su ma manoman wani lokaci sukan ɗauka wanda ke yawan tambaya bai san aikinsa ba.

Dalili na biyu shi ne rashin kayan aiki, kuma a nan ƙungiya ta fi ziyarar ɗaiɗaiku rashin afuwa. Idan malami ya fasa zuwa gonar mutum ɗaya, mutum ɗaya ya ɓata wa. Idan ya sa ranar taro, mutum 30 suka bar noma suka zauna jiransa, babur ya lalace ko babu kuɗin mai, ya zubar da mutuncinsa a gaban gari guda, kuma karo na gaba rabinsu ba za su zo ba. Malamai da yawa daga albashinsu suke sayen mai da katin waya, albashin da a wasu jihohi ba ya zuwa a kan kari. Lokacin taro ma na manoma ne, sau da yawa da yamma ko ranar da ba ta aiki ba. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna kuma matsalar tsaro ta ƙara wani nauyin, domin tara mutane a fili a rana sananniya, ko bin hanyar daji a kan babur, ya zama kasada da rai. A gefe guda, ofis yana auna ƙoƙarin ma'aikaci da yawan ƙungiyoyin da ya kafa da hotunan taron da ya turo. Kowane sabon shiri yana zuwa da nasa fom da nasa sunan ƙungiya, har a tarar da mutanen ƙauye ɗaya suna cikin ƙungiyoyi huɗu masu shugaba ɗaya, malami kuwa yana rubuta rahoto huɗu.

Dalili na uku shi ne mafi nauyi. Yawancin ƙungiyoyin da ake sa malamin gona ya kafa, labarin tallafi ne ke haifar da su. An ji za a raba taki, sai a tattara sunaye cikin dare, a biya kuɗin rajista, a naɗa shugaba da sakatare. Idan kaya suka zo aka raba, ƙungiya ta watse. Idan ba su zo ba, ko suka zo bayan an gama shuka, malamin da ya rubuta sunayen shi ake tuhuma da cinyewa, domin shi kaɗai ne fuskar gwamnati da ƙauye ke gani. A cikin jerin sunayen kuma sau da yawa akwai manoman bogi da wani mai faɗa a ji ya cusa, kuma ƙaramin ma'aikaci ba shi da ƙarfin cire su. Shirin rancen manoma na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015 ya nuna girman matsalar. An sharɗanta manoma su shiga ƙananan ƙungiyoyi domin su tsaya wa juna, Babban Bankin Najeriya ya fitar da fiye da naira tiriliyan ɗaya a tsawon shekarun shirin, kuma kaso mai yawa bai dawo ba. Wasu ambaliya da fari suka cinye su, wasu kayan sun iso musu a makare, wasu kuma sun ɗauki rancen a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa. Duk inda aka haɗa ma'aikacin gona da tantance masu cin rance ko karɓo bashi, manomin da ke da saura a kansa zai daina zuwa taro, ya kuma ɓoye ainihin abin da ya girbe. Daga ranar ba sauran koyo.

Masu shakka suna da wata hujjar daga bincike. Wani babban nazari da aka fitar a 2014, wanda ya tattara sakamakon bincike da dama kan makarantun manoma a gona, ya gano cewa mahalarta suna ƙaruwa da ilimi da amfanin gona a ƙananan shirye-shirye da ake kula da su sosai, amma babu ƙwaƙƙwarar shaidar cewa nasarar tana ɗorewa idan aka faɗaɗa shirin ya game ƙasa, kuma ilimin ba ya cika tsallakawa zuwa ga maƙwabtan da ba su halarta ba. Wannan gargaɗi ne da bai kamata a yi wasa da shi ba. Ƙungiya tana da ƙofa, kuma duk abin da ke da ƙofa yana barin wani a waje. Wanda ba shi da kuɗin rajista, da mai aron gona, da ɗan ƙwadago da ba zai iya barin aikin yini ya zauna taro ba, da makiyayin da ke gefen gari, su ne suka fi zama a waje. Malamin da ya ce yana tsoron kada aikinsa ya koma hidimar masu hali a ƙauye ba son jiki ne ya sa shi faɗa ba.

Idan aka ɗora hujjojin nan a kan sikeli, abin da ke fitowa shi ne ɓangarorin biyu ba a kan abu ɗaya suke magana ba. Duk misalan da masu goyon baya ke kawowa na ƙungiyoyi ne da wata buƙata ta gaske ta haɗa: ruwan da za a raba, rumbun da za a kulle, gonar gwajin da za a duba. Duk ƙorafin masu adawa kuma ya taru ne a kan ƙungiyoyin da jiran rabo ya haɗa. Haɗuwa don aiki ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Akwai gayya, akwai adashe, akwai sarkin noma da ake jin maganarsa, kuma babu ɗayansu da ya jira takardar rajista kafin ya yi aiki. Misali mafi ƙarfi shi ne na Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991. An gina shi a kan adashe. Mata suna haɗuwa kowane mako, suna zuba abin da suka iya a asusu, suna ranta wa junansu, a ƙarshen zagaye su raba. Ba a kawo musu jari daga waje, mai horarwa kuma yana zama da su na wasu watanni ne ya janye. Tsarin ya bazu daga Nijar zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Kuɗin da mutum ya zuba da guminsa yana bibiyarsa, ba ya bari ma'aji ya yi wasa da shi, kuma ba ya buƙatar ma'aikaci ya roƙe shi zuwa taro.

Za a iya cewa manomi ba zai zo taron da babu taki ko kuɗin mota ba, don haka dole a haɗa ilimi da rabo. Akwai gaskiya a ciki, domin shekaru da yawa na rabon kaya sun koya wa mutane cewa taro ba ya amfani sai an fita da wani abu a hannu, kuma talauci ba wasa ba ne. Amma abin da wannan ke nunawa shi ne ƙungiyar da ba ta da rabo za ta fara da mutane kaɗan, ta kuma girma a hankali. Mutum goma sha biyu da suka zo don suna son maganin wuta-wuta sun fi ɗari da suka zo don sa hannu. Ba a ce a hana manoma tallafi ba. Tallafin ya zo bayan ƙungiya ta nuna tana da rai, ta yi damina ɗaya ko biyu tana taro, tana da asusu da littafi, kuma ya bi ta hannun wani jami'i dabam, ba ta hannun wanda ke koyarwa ba. Shirin Fadama ya kama wani ɓangare na wannan hikima da ya sharɗanta ƙungiya ta zuba wani kaso daga aljihunta kafin a saya mata kayan aiki, ko da yake irin wannan sharaɗi yana buƙatar sassauci ga marasa ƙarfi don kada ya zama wata ƙofar da za ta rufe su a waje.

Wasu kuma za su ce waya da rediyo sun rage buƙatar taro. Tun 2012 gwamnatin tarayya ta gwada aika wa manoma saƙon karɓar taki ta wayar salula, kuma yau akwai matasan manoma da ke tura hoton ganyen da ya kamu da cuta ta WhatsApp su samu amsa nan take. Rediyo kuwa ya daɗe yana shiga inda malami bai taɓa takawa ba. Waɗannan hanyoyi suna da kyau wajen isar da labari, kamar hasashen saukar damina da farashin kasuwa da gargaɗin ɓullar ƙwari. Sai dai saƙon waya ba ya sasanta na farkon magudana da na ƙarshenta, ba ya kuma riƙe mabuɗin rumbu. Inda babu malami kuma babu ƙungiya, mai shagon maganin feshi ne ke zama mai ba da shawara, shi kuwa cinikinsa a yawan abin da ya sayar yake. Waya tana ƙara wa malamin da ke da ƙungiya ƙarfi, domin yana iya bibiyar shugabanni tsakanin taro da taro. Amma yarda da juna, wadda ita ce jarin ƙungiya, sai an zauna ido da ido ake gina ta.

Saura zargin da ake yi wa malaman kansu, cewa girman kai ne ke hana su sauka daga matsayin mai koyarwa. Ba za a rasa masu irin wannan hali ba, kuma wanda ke raina ilimin manomin da ya shekara arba'in yana karanta ƙasarsa da sararin samaniyarsa ya yi kuskure babba. Amma jan ragamar ƙungiya ba ya rage buƙatar ilimin fasaha. Ƙara ta yake yi. Wanda ke karanta saƙon da aka rubuta masa zai iya fakewa a bayan takarda. Wanda ya tsaya a gaban manoma 25 suna jefo tambaya kan ganyen da ya yi rawaya, ko kan dalilin da sabon iri ya yi kyau a jigawa ya ƙi a fadama, dole ya san aikinsa, ya kuma iya cewa zai je ya tambayo idan abin ya fi ƙarfinsa. Saboda haka masu cewa a mayar da malamin gona mai shirya taro kawai, a bar fasaha, su ma sun kauce. Manoma suna girmama wanda ya saurare su, amma ba za su ci gaba da barin aikinsu ba don wanda ba ya kawo musu sabon abu. Hanyar da ke tsakanin cibiyoyin bincike irin su IAR da NAERLS na Jami'ar Ahmadu Bello da malamin da ke ƙauye dole ta kasance a buɗe, da horo a kai a kai kamar yadda tsohon tsari ya tanada. Wannan ɓangare na horo da ziyara bai kamata a yar da shi tare da sauran ba.

Abin da ya kamata a yi a bayyane yake, kuma yawancinsa ba ya buƙatar rancen waje. Kwalejojin aikin gona su sa tafiyar da ƙungiya da sasanci da lissafin asusu cikin manhaja, ɗalibi ya yi damina guda tare da ƙungiya ta gaske kafin a ba shi takardar shaida. Jihohi su ɗauki sababbin ma'aikata, musamman mata, su kuma ware kuɗin mai da gyaran babur a kasafi a matsayin wani ɓangare na aikin. A raba koyarwa da rabon kaya da karɓar bashi. A daina tilasta kafa sabuwar ƙungiya ga kowane shiri inda akwai mai rai a ƙasa. A ƙayyade yawan ƙungiyoyin da mutum ɗaya zai riƙe, a horar da manoma daga cikinsu da za su ci gaba da jan taro idan malami ya matsa gaba, a kuma bar masa lokacin da zai leƙa waɗanda ba sa cikin kowace ƙungiya. Ma'aunin ƙoƙarinsa ya zama yawan ƙungiyoyin da ke ci gaba da taro da ajiya shekara biyu bayan shiri ya ƙare. Sannan duk wanda zai tsara sabon shiri, gwamnati ce ko mai ba da agaji, ya zauna da malaman gona na ƙananan hukumomi tun kafin a rubuta sharuɗɗa, domin su suka san ƙungiyar da ke aiki da wadda ke kan takarda kawai, kuma su za a tura su aiwatar da duk abin da aka yanke.